Kocin Kurket Da Kunyar Ɗan Fari

Matso kusa, ja bencin nan ka zauna, saurin da kake yi ya jira ka. Labarin Malam Idris na Gyaɗi-Gyaɗi za ka ji, wanda 'yan unguwa ke kira Malam Idi Koci, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zaɓen 'ya'yan mutane yana watsar da na wasu, ran da aka zo kan nasa kuwa bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Malam Idi dogo ne, siriri, mai ɗan ranƙwafo, fuskar nan kullum a murtuke kamar wanda aka taka wa ƙafa a sahu. Malamin wasanni ne a wata sakandare har ya yi ritaya, amma in ka yi masa zancen ƙwallon ƙafa sai ya ja tsaki. Shi kurket ya sani. Tun yana ɗalibi a makarantar kwana wani malamin lissafi ɗan Pakistan ya ɗora masa ƙwallon a tafin hannu, ja, mai tauri kamar dutse, da ɗinki a tsakiyarta. Shi ke nan ciwon ya kama shi, bai kuma sake shi ba.

In ba ka san wasan ba, ga shi a taƙaice. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Ana kafa turaku uku, mai bugu ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana tsaronsu, mai jifa ya taho ya wurgo ƙwallo ta daki ƙasa ta tashi. In ta kayar da turakun, mai bugu ya fita. In ya make ta ta yi nisa, ya ci maki. Sauran duk ƙari ne. A ƙasashen da suka riƙe wasan da gaske har kwana biyar ake kwashewa a kan wasa ɗaya, kuma irin wannan ne Malam Idi ke bi a rediyonsa mai gajeren zango. Sai ya zauna a teburin mai shayin layinsu, ya kara shi a kunne, yana faɗa da mutanen da ba su ma san yana duniya ba.

"Sun cire shi? Don ya faɗi a wasa biyu? Jakai! Ba makin jiya ake dubawa ba, hannu ake dubawa. In hannun mutum na nan daidai, maki na tafe."

Mai shayi ya ce, "Malam, wa aka cire kuma?"

"Wani yaro ne a Ingila. Ba ka san shi ba, zuba mini shayi."

Ƙungiyar da ya kafa a filin wata makaranta a Tarauni take atisaye. Su shimfiɗa doguwar tabarmar igiya a kan jar ƙasa, su kafa turaku a bakinta, su yi ta yi har a kira magariba. Yawancinsu ɗaliban koyon jinya ne da ma'aikatan asibitin koyarwa, sai 'ya'yan mutanen kudu mazauna unguwar, sai Indiyawa biyu ko uku da ke zuwa in aikin masaƙa ya bar su. Zaɓen wanda zai buga kuwa, na Malam Idi ne shi kaɗai. Ya tsaya bayan atisaye, hannu a goye, ya kira sunaye. Wanda bai ji nasa ba ya naɗe tabarma.

Mutum ɗaya ke iya yi masa musu, kyaftin ɗin ƙungiyar, Chukwuemeka, mai kemis a bakin titin Zariya. A Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa har ta fi ta wasu Hausawan gishiri, kuma babu abin da bai sani ba na gidan Malam Idi. Tare suka sayo tabarmar farko. Tare suka ɗauko ta a ka tun daga bakin titi, jama'a na tambayarsu ko masallaci za su buɗe.

To, ga inda maganar take. Malam Idi na da ɗan fari, Mukhtar. Ka san yadda mutanenmu na da suke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi, yabo kuwa ko a mafarki. Malam Idi ya ɗauki wannan kunya ya ƙara mata tasa. Ana yaye yaron aka miƙa shi Unguwa Uku wurin yayar Malam Idi, Dije, can ya tashi. In zancensa ya kama, sai uban ya ce "wancan," ko "ɗan gidan Yaya Dije."

Ba wanda ya gayyaci Mukhtar fili. Da ƙafarsa ya zo yana ɗan sakandare, ya yi ta tsinto ƙwallo a cikin ciyawa, har wata rana aka ce ya jefa. Ashe bahago ne, kuma yatsunsa na da wani abu. Ba ya jifa da ƙarfi. Murɗa ƙwallon yake yi, ta taho a hankali kamar ba ta da niyyar komai, tana dukan tabarma sai ta karkace ta bi ta bayan mai bugu ta kwashe turaku. Malam Idi ya gani, murna ta kama shi, ya juya baya ya hau yi wa wani faɗa a kan igiyar takalmi.

Haka ya koyar da ɗansa shekara da shekaru, ta bakin wasu. Yaron na tsaye kusa da shi sai ya kira na gefe ya ce, "Kai, gaya wa wancan ya ɗaga kafaɗarsa, ba tallan goro yake ba." Na gefen ya juya ya maimaita, Mukhtar ya ce to.

Ranar zaɓe ma da yadda suke yi. Malam Idi ya kira mutum goma, sai ya ƙura wa bishiyoyin bakin katanga ido. Chukwuemeka ya ce, "Malam, saura ɗaya. Mukhtar fa?"

"Wannan sakaran? Me ya iya? Ku dai kuka sani."

A kwashe da dariya. Chukwuemeka ya ce, "To, mun sani. Mukhtar, ɗauko takalmanka." Kowa a filin ya san fassarar wannan magana, har Indiyawan.

Abin da ya ɓata tsakanin aminan nan biyu bai wuce bakin Malam Idi ba. A shekarar ƙarshe ta mulkin soja, Chukwuemeka ya soma manyanta, ƙwallo na wuce shi yana kai wa iska duka. Maimakon Malam Idi ya ja shi gefe, sai ya tsaya gaban yara, har da Ekene ɗan Chukwuemeka na zaune, ya ce, "Emeka, idonka ya tsufa. Je ka ci gaba da sayar da maganin tari, ka bar wa masu gani wuri."

Gaskiya ya faɗa, amma ba haka ake faɗin ta ba. Chukwuemeka ya ajiye katakonsa, ya kalli amininsa, ya fice daga filin. Daga ranar gaisuwa ta mutu a tsakaninsu.

Sai ga sojoji sun koma bariki, farar hula sun hau. Wannan shekarar, malam, komai sai an kaɗa masa ƙuri'a. 'Yan acaɓa sun yi zaɓe, mahauta sun yi, har masu wankin mota na Babban Giji sai da suka fitar da shugaba da ma'aji. Wata ranar Asabar Chukwuemeka ya bayyana a fili cikin kaftani, ya ce da yaran, "Ƙasa ta rabu da soja, mu muna nan da namu gwamnan sojan. Mutum ɗaya ya ɗaga wanda ya so, ya yar da wanda ya so. Har yaushe?"

Yaran da aka daɗe ana sa su naɗe tabarma suka ce wallahi gaskiya ne. Aka ɗaga hannu, aka kafa kwamitin mutum uku: Malam Idi, Chukwuemeka, da Sista Regina a matsayin shugaba. Ita Sista Regina babbar ma'aikaciyar jinya ce da aka yi wa canjin aiki daga kudu a farkon shekarar. Ta buga kurket tun tana makarantar 'yan mata, mace ce mai tsare gida, ba ta da ɓangare, shi ya sa kowa ya yarda da ita. Hausarta ta gaisuwa ce da tambayar majiyyaci inda ke masa ciwo, sauran sai ta cike da Turanci.

Malam Idi ya ce, "Kwamiti! Wasan da ba su iya riƙe katakonsa ba za su yi wa kwamiti." Amma ya zauna a ciki, don barin sa na nufin barin filin.

Ana nan damina ta ja baya, sai aka gayyaci ƙungiyar wasa a Kaduna, aka kuma ce masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zauna su kalla. Ga Mukhtar, wannan ce ƙofar da ya daɗe yana jira, kuma da wuya ta sake buɗe masa. Ya doshi talatin, ya zama ma'aikacin jinya, ga maganar aure a gabansa. Sai dai abin ya zo masa a mummunan lokaci. Watannin baya ƙarfen gadon majiyyaci ya datse masa yatsan da yake murɗa ƙwallo da shi. Da ya dawo wasa sai ƙwallon ta daina karkacewa, ta riƙa tafiya sak, masu bugu na aika ta bayan katanga suna dariya. A daidai lokacin shi kuma Ekene ya taso, saurayi mai jifa da ƙarfi, yana ta kayar da turaku. Gurbin mai jifa ɗaya ya rage, su biyu ke nemansa.

Wanda ya kalli wasannin baya zai ce Ekene. Amma Malam Idi ya ga abin da wasu ba su lura da shi ba. A 'yan kwanakin nan yatsan ya saki. Yana tsaye can nesa kamar yana duba tabarma, kunnensa na jin ƙwallon na fita daga hannun ɗansa da ɗan huci irin na da, idonsa na ganin ta soma cizon ƙasa tana juyawa. Hannun ya dawo. Ya sani kamar yadda ya san hanyar gidansa.

Ranar Alhamis bayan la'asar kwamiti ya zauna a ƙarƙashin darbejiya, 'yan wasa na zaune a ƙasa kewaye da su, don Sista Regina ta kafa doka: ba zaɓen ɓoye, kowa ya faɗi dalilinsa a gaban wanda ake magana a kansa. Aka wuce mutum goma da 'yar hayaniya. Aka zo gurbin ƙarshe.

Chukwuemeka ya gyara zama ya ce, "Ni ba zan ce komai a kan Ekene ba, ɗana ne. Abin da ya yi a fili kowa ya gani. Koci ya gaya mana na Mukhtar."

Sista Regina ta juya. "Malam Idris, kai ne koci. Wasanninsa na baya ba kyau. Yanzu yaya hannunsa?"

Bakin Malam Idi ya riga tunaninsa. Ya kalli bishiyoyin bakin katanga ya ce, "Wannan sakaran? Me ya iya? Ku dai kuka sani."

Ya jira dariyar nan. Ya jira a ce, to mun sani. Wasu yara biyu suka fara murmushi, suka ga ba wanda ya taya su, suka haɗiye. Chukwuemeka ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, a hankali, kamar ba shi da wani aiki a duniya sai wannan.

Sista Regina ta ce, "Mene ne sakara?"

Chukwuemeka ya fassara mata da Turanci, kalma bayan kalma, bai rage ba bai ƙara ba. Sannan ya ce, "Kin ji dai, Sista. Kocinsa ne ya faɗa, kuma ubansa ne."

Wani ɗalibin jinya ya ɗaga hannu. "Sista, ai haka yake cewa kullum."

Chukwuemeka ya ce, "Ƙwarai. Kullum yana faɗa, kullum muna rufa masa asiri. Yanzu kuma zamanin faɗin gaskiya ne."

Sista Regina ta kalli Malam Idi ko zai ƙara wani abu. Ya ci gaba da kallon bishiyoyin. Ta ce, "To. Ekene." Mukhtar ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya ɗauki jakarsa ya bi hanyar ƙofa, bai waiwayo ba.

A bakin ƙofar makarantar Malam Idi ya tare Chukwuemeka, karo na farko da ya yi masa magana tun ranar maganin tari.

"Ka san abin da nake nufi."

"Na san abin da ka ce."

"Munafuki! Kai ka riƙe yaron nan ranar suna. Ka fi kowa sanin ba zan iya ba."

Chukwuemeka ya mayar da tabarau ya ce, "Ran da ka ce idona ya tsufa a gaban ɗana, abin da ka ce aka bi, ko abin da kake nufi? Matsa mini, Malam Idi, zan buɗe shago."

Washegari Juma'a, ana saukowa daga masallaci, sai ga Dije ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu, mayafi a kafaɗa, tana haki. Dije gajera ce, kakkaura, mai sayar da atamfa a gida, kuma duk duniya ita kaɗai ke kiransa Idi gatsal.

"Idi, fito! Ashe haka aka yi? Ka tsaya gaban arna da Musulmi ka ce ɗana sakarai ne?"

"Yaya, zauna mana. Kin san yadda maganar take."

"Ba zan zauna ba. Daga asibiti nake. Na sami Sistar nan taku, na sa wata yarinya ta yi mana tafinta, na warware mata komai. Ta riƙe baki, ta ce ita a garinsu uba ne ke fara yi wa ɗansa tafi. Ta ce ba za ta sauya a ɓoye ba, tunda a gaban mutane aka yanke. Gobe da safe kafin motarsu ta tashi, ka tsaya gaban mutanen nan ka ce hannun yaron ya dawo, ya cancanta. In ka faɗa, ƙuri'arta na tare da taka."

Malam Idi ya ce, "In tsaya a fili in yi wa ɗan fari kirari? Da furfurata? Yaya, ke ce 'yar farin gidanmu. Kin taɓa jin Baba ya yabe ki?"

"Ban taɓa ji ba har ya koma ga Allah. Kai a ganinka daɗi na ji? Na yi masa tuwo shekara nawa, ko sau ɗaya bai ce ya yi daɗi ba, sai dai ya ce wa Inna miyar yau ba laifi. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare ni a nan." Ta daki ƙirjinta. "Kai da kake zama wurin mai shayi kana kare 'ya'yan Turawa da ba su san ka ba, naka ne za ka bari?"

Suna cikin haka Mukhtar ya yi sallama. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe su, kansa a ƙasa ya ce, "Baba, ban taɓa roƙon ka komai a kan wasan nan ba. Ba cewa na yi ka yabe ni ba. Abin da idonka ya gani kawai za ka faɗa, kamar yadda za ka faɗa a kan ɗan kowa."

Malam Idi ya kalli bango, ya ce da Dije, "Ki gaya masa ya daina jiƙa yatsan nan da ruwan sanyi."

Dije ta ce, "Ga shi nan a gabanka, kurma ne?" Ta ja hannun Mukhtar suka fita.

Kada ka ɗauka Malam Idi bai yi niyya ba. Ya yi. Da asuba a hanyar masallaci yana ta maimaitawa a ransa: hannunsa ya dawo, ya cancanta. Magana ce da ba ta kai a sha ruwa a kanta ba. Ya sa farar rigarsa ta fili, ya kama hanyar Tarauni yana jin zai iya.

Abin da bai sani ba, Chukwuemeka ya ji labarin sharaɗin, ya kuwa baza shi tun daga kemis har teburin mai shayi: gobe Malam Idi zai yi wa ɗan farinsa kirari, kowa ya zo ya sha kallo. Da ya shigo filin sai ya tarar ba 'yan wasa kaɗai ba ne. Ga mai shayi, ga dattawan da suke sahu ɗaya da shi, ga wasu tsofaffin abokan aikinsa, mutanen da ba su taɓa taka filin kurket ba, sun jeru a inuwar motar suna murmushi. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Malam Idi, mu kawo maroƙi ko kai za ka yi da kanka?"

Aka yi dariya.

Motar na kunne, an ɗaure kaya a sama. Mukhtar na tsaye gefe da jakarsa a hannu, Dije na bayansa. Ekene na bakin ƙofar mota, ƙafa ɗaya a ciki, bai san ko ya shiga ko ya fito ba.

Sista Regina ta ce, "Malam Idris, an yi mini bayani. Ban sani ba, ka yi haƙuri. Yanzu ina sake tambaya. Yaya hannun Mukhtar?"

Malam Idi ya buɗe baki. Ya ga dattawan nan sun miƙo wuya. Ya ga Chukwuemeka ya harɗe hannu yana jira. Maganar da ya yi ta maimaitawa ta zo har kan harshensa ta tsaya, sai wata ta bi ta gefenta ta fito.

Ya nuna Ekene ya ce, "Wannan yaron ba mai jifa ba ne, mai wurgi ne. Ƙarfi kawai gare shi kamar jakin ɗaukar yashi. Ƙafarsa ta gaba a karkace take sauka, kafaɗarsa na faɗuwa, in ya yi jifa kaɗan sai numfashi ya ƙare. Waɗanda ya kayar a nan ai makafi ne irin ubansa. A Kaduna yini za a yi ana aika shi ɗauko ƙwallo a jeji!"

Ekene ya sauke ƙafarsa daga motar, idonsa ya kawo ruwa. Yaron nan bai taɓa yi wa Malam Idi komai ba sai gaisuwa da ɗaukar masa jaka.

Chukwuemeka ya yi kukan kura ya ci kwalarsa. "Ni ka zaga na haƙura, yanzu ɗana? Tsohon banza, wanda ya kasa riƙe nasa ɗan ya miƙa wa mace!"

"Sake ni, mai maganin tari!"

Farar rigar ta yage daga wuya. Mai shayi da direba suka shiga tsakani, dattawan da suka zo dariya suka koma salati. Dije na ta ihu, ba ka ce da wa take ba, don duka biyun take zagi.

Da ƙura ta lafa, Sista Regina na nan tsaye inda take, fuskarta babu alamar wasa. Ta ce, "Malam Idris, ban tambaye ka Ekene ba. Ba zan cire yaro don an zage shi ba. Mukhtar na tambaye ka. Wannan ce ta ƙarshe."

Malam Idi ya juya ya kalli ɗansa, ido cikin ido, abin da mutanen wurin ba su taɓa gani ya yi ba. Mukhtar bai sunkuyar da kai ba. Dattijon ya riƙe yagaggen wuyan rigarsa da hannu ɗaya, ya ce da muryar da da ƙyar ake ji, "Sista, ba a yi mini tarbiyya haka ba."

Mukhtar ya ajiye jakarsa a ƙasa ya ce, "Sista, ku tafi, rana na yi. Ekene, shiga mota." Sannan ya juyo wajen ubansa ya ce, "Na gode, Koci."

Tun da yaron ya iya magana, a gida da fili, Baba yake ce masa. Dije ta toshe baki da mayafi. Motar ta ja ta fita.

A Kaduna an lallasa su. Ekene ya shiga fili da zagin nan a kunnensa, bai tsinana abin kirki ba, kuma masu zaɓen ba su ɗauki kowa daga cikinsu ba. Wasu suka ce ga shi maganar Malam Idi ta tabbata, wasu suka ce shi ya karya yaron tun kafin a tashi. Sista Regina ta ajiye shugabancin, ta ce ita jinya ta zo yi Kano. Chukwuemeka kuwa, in ya hango Malam Idi a titin Zariya sai ya tsallaka ɗaya hannun, shi ma Malam Idi ya gwammace ya hau acaɓa zuwa unguwar Daurawa sayen maganin ciwon kai da ya taka ƙofar kemis ɗin.

Mukhtar bai sake riƙe ƙwallo ba. Ya nemi canjin aiki zuwa wani asibiti a wajen gari, ya yi aurensa, ya hayayyafa. Bai yanke zumunci ba, kada ka ce ya yanke. Duk sallah yana zuwa Gyaɗi-Gyaɗi da iyalinsa, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Koci, barka da sallah." Malam Idi ya amsa yana kallon bango. Sau ɗaya ya aika Dije ta gaya masa ya daina kiransa haka. Mukhtar ya ce ta koma ta ce, in Koci na da magana da shi, ga shi nan, ya faɗa masa da bakinsa.

To kai da ka zauna ka ji, da kai ne tsaye a filin nan, dattawan unguwarku sun zuba maka ido, ɗanka na fari na riƙe da jaka yana jira, bakinka zai buɗu?